Keken Ajiya Marar Birki

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka yi ta bore a birnin Bangi, ina saurayi ina taya mahaifina zama a shagonsa na atamfa a unguwar Kilomita Biyar. Waɗanda suka san ni yanzu da wannan tumbin ba za su yarda na taɓa hawa keken tsere ba. To na hau, kuma saura ƙiris ya kai ni lahira. Sai dai labarin ya fi shafar mahaifina da wani abokina fiye da ni.

An san mahaifina da riƙon amana. A bayan shagon akwai wani ɗaki da ba ya sa hajarsa a ciki, na ajiyar mutane ne kawai. Fatake 'yan Nijar da na Najeriya idan za su koma gida sukan bar masa akwati, ko buhu, ko keken ɗinki, su daɗe ba su waiwayo ba, su dawo su tarar da kayansu da ƙullin da suka yi da hannunsu. Ko shara za a yi a ɗakin sai ya tsaya a kai. Mu 'ya'yansa faɗan da muka sha a kan ɗakin nan ya fi wanda muka sha a kan makarar sallar asuba.

Abokin nawa ɗan unguwar Miskin ne, Kirista, tun muna yara muke tare. Sango, yaren garin, muke yi da shi, amma ya iya Hausa daidai gwargwado, musamman ta gaisuwa da ta neman ƙarin tuwo, don a gidanmu ya koye ta. Yana da wani keke da ya gada daga yayansa, wanda ya taɓa yin tsere a ƙasar waje kafin ya rasu. Keken na tseren cikin fili ne, irin filin nan da ake zagayawa. Siriri ne, da hannu ɗaya za ka ɗaga shi sama. Ba shi da birki, gaba ko baya, ba a ma yi masa wurin ɗaura birkin ba. Fedarsa kuma ba ta hutawa: muddin taya na juyawa feda na juyawa, ƙafarka na biye da ita ko kana so ko ba ka so. In za ka tsaya, da ƙarfin ƙafa za ka riƙa danne fedar har ya lafa. Duk garin babu filin da aka yi don irinsa, sai abokina ya riƙa fita da sassafe yana gudu a kan kwalta kafin motoci su yi yawa. Na sha ce masa wannan horo ne yake yi wa kansa, shi kuma ya ce ƙafafuna na zaman shago ne, ba zan gane ba.

Da harbe-harbe suka yi tsanani, gari ya rabu. Dangin mahaifin abokina mutanen bakin kogi ne, kamar yawancin sojojin da suka yi boren, a lokacin kuwa duk saurayin da ya fito daga can ana yi masa kallon ɗan bore a unguwarsu. Wata safiya sai ga shi a shago da keken a kafaɗa.

Ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya ce, “Baba, zan koma wajen dangin babana sai ƙura ta lafa. Ku ajiye mini wannan. Shi kaɗai ya rage mini na yayana.”

Mahaifina ya ce, “Ka kawo shi inda za ka same shi, ɗana, in Allah ya yarda.”

Sai abokina ya nuna ni ya ce, “Amma Baba, kada ku bar wannan ya hau shi. Ko kallonsa ya cika yi, ku kore shi.”

Muka yi dariya, aka shigar da keken ɗakin ajiya. Da na raka shi bakin titi, dariyar ta ƙare. Ya ce mahaifiyarsa ta ƙi barin gidanta, ta ce ta tsufa da gudu. Ya riƙe hannuna ya ce in riƙa leƙa ta. Na ce ai ko bai faɗa ba.

Leƙawa ba ta da wuya, Miskin kusa take da mu. Maganin ne wahala. Mama, haka nake kiranta, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma a wani ƙaramin asibitin mishan da ke can ɗaya gefen gari take karɓar magani. Su ma abin ya yi musu ƙaranci, sai suka koma ba da na 'yan kwanaki kaɗan, in ya ƙare ka dawo. Babu mai, babu tasi. Da safe kawai ake samun sararin fita, kafin azahar an sake rufe hanyoyi. Muna da keken shago na kai kaya, amma wasu masu bindiga sun are shi tun farkon rikicin, har yau ina jiran su dawo da shi. Na gwada zuwa a ƙafa, na isa an rufe ƙofa, na dawo hannu wofi. Ƙafafun Mama suka fara kumbura, tana zaune tana ce mini ba komai.

Na samu mahaifina na ce ga keke a jingine a ɗaki, ga uwar mai keken tana neman magani. Washegari ya kira ni. Ya ce, “Ka hau. Uwarsa za a yi wa. Amma da bakinsa ya ce kada ka hau, don haka in ya dawo sai na gaya masa. Ka kula da shi fiye da yadda kake kula da kanka.”

Wannan umarnin na ƙarshe bai yi mini wuyar bi ba, don keken bai ji ciwo ba, ni na ji. Ranar farko na manta feda ba ta tsayawa, na daina tuƙi kamar yadda ake yi a kowane keke, ta cilla ni sama daga kan sirdi, na sauka a gaban masu sayar da gawayi. Bayan 'yan kwanaki na ɗan iya. Na je asibitin na dawo lafiya, na sake zuwa, har na fara jin kaina wani gwani.

Sai wata rana ina dawowa da magani a aljihu, na biyo wata gangara da gudu, na sha kwana, na ga shinge a gabana wanda babu shi da safe: tayoyin mota da benci, da sojoji a bayansu. Ɗaya ya ɗaga hannu. Na danne feda iya ƙarfina, feda ta ce ba ta san wannan ba. A lokacin nan wanda aka tsayar bai tsaya ba, ba a tambayarsa dalili. Na ji ƙarar ɗana bindiga, na ga bakinta ya juyo kaina. Ban san lokacin da na jefa kaina cikin kwata ba, ni da keken gaba ɗaya, na ɗaga shi sama kada ya bugu.

Sojan ya zo ya tsaya a kaina yana ihu da Sango, me ya hana ni tsayawa. Na ce, “Shef, ranka ya daɗe, ba birki.” Ya duba gaba, ya duba baya, ya kira 'yan uwansa su zo su ga mahaukaci. Ɗaya daga cikinsu ya ce keken ya yi masa kyau, ya hau zai tafi da shi. Bai yi nisa ba feda ta yi masa irin wadda ta yi mini. Ya tashi yana karkaɗe wando, ya turo mini abina. Wanda ya ɗana bindigar bai yi dariya ba. Ya ce, “Yau ka ci sa'a. Gobe in ka zo mini haka, ba zan tsaya duba keke ba.”

Na kai wa Mama maganinta, na koma gida gwiwoyina duk jini. Tsoro na gaske na ji ranar. Mahaifina ya dubi gwiwoyin, ya ji labarin, ya ce gobe in kai keken wajen mai gyara a sa masa birki.

Mai gyaran a unguwar Yakite yake, wani dattijo mai yawan mita. Ya juya keken, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce birkin gaba a kan fok ake ɗaura shi, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Kowane keke yana da rami a saman fok ɗin inda ƙusar birki ke shiga, wannan kuwa sumul yake. Ya ɗebo tsoffin fok daga tarin ƙarafansa don a canja na wucin gadi, babu wanda ya shiga. Ya gwada ɗaure birkin da wani ƙarfe ba tare da rami ba, matsa ɗaya ya zame.

Ya ce, “Sai dai a huda. Amma ka sani, wurin siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar birki ba. In hannu ya kauce zai iya tsagewa. In kuma bai tsage ba, ramin ya zauna kenan har abada. Naka ne?”

Na ce ajiya ce. Ya ce to in je in dawo da mai magana.

Da na gaya wa mahaifina, sai ya ce hawa daban, hudawa daban. Keken da aka hau za a iya wanke shi a mayar yadda yake, wanda aka huda kuwa ba shi aka ba shi ajiya ba. Mun nemi wanda zai kai wa abokina saƙo, babu mai tsallakawa can. Na ce to a tambayi mahaifiyarsa. Na je na zauna ina yi wa Mama bayanin fok da birki, tana kallona kamar ina karanta mata Larabci.

Ta ce, “Ni shi na haifa, ban haifi keke ba. Ku huda. In ya yi magana ka turo mini shi. Kai kuma ka riƙa tafiya yeke yeke, a hankali, uwarka na buƙatarka.”

Na dawo da murna na ce an samu izini. Mahaifina ya ce, “Ta yi maganar uwa, Allah ya saka mata. Amma keken ba nata ba ne.” Na ce to me za a yi, in koma hanya ba birki, ko a bar ta ba magani? Na faɗa da ɗan ɗaga murya, abin da ban saba yi masa ba.

Washegari da safe na ga ya rufe shago, ya sa babbar rigarsa, ya ce in ɗauko keken. Muka taka har Yakite. Mai gyara ya cire fok ɗin, ya matse shi a kan teburinsa da tsumma a tsakani don kada fenti ya goge, ya auna tsakiya ya yi alama. Ya ɗauko wani ƙarfe mai tsini da guduma zai buga ɗigon da mahuji zai zauna a kai. Mahaifina ya miƙa hannu ya ce, “Ba ni.”

Mutumin da ban taɓa ganin ya buga ƙusa a bango ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora tsinin a kan alamar, ya yi bisimilla, ya buga. Ya miƙa wa mai gyara gudumar ya ce, “Ƙarasa. In an tambaya wa ya huda, ni ne.”

Babu wuta a unguwar, da mahujin hannu aka yi, irin wanda ake dannawa da ƙirji ana juya mariƙinsa. Mai gyara ya fara da ɗan siririn baki, yana ɗiga baƙin mai, yana juyawa a hankali, garin ƙarfe na zubowa. Ni ne mai riƙe teburin kada ya motsa. Da ya ratsa gaba sai ya juya ya huda ta baya, sannan ya sa babban baki ya faɗaɗa. Duk lokacin da ƙarfen ya yi ƙara sai in ɗauka ya tsage. Mahaifina yana tsaye bai zauna ba, duk da an ba shi kujera. Ƙarfen bai tsage ba, amma ramin ya ɗan karkata hagu, yadda roba ɗaya ta birkin ke rigan ɗayar kama taya. Birkin ma na wani tsohon keke ne, sai da aka goge shi da magagari kafin ya zauna. Mai gyara ya ce in riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, in na damƙe lokaci ɗaya zan wuce ta saman keken.

Haka na ci gaba da zirga-zirga har rikicin ya lafa. In na hango shinge tun daga nesa nake matsa birki, in sauka in tura. Sojan nan har ya gane ni, in ya gan ni sai ya ce, “Mahaukaci ya warke.” Kumburin ƙafar Mama ya sauka, ta koma dafa gozonta, wato tuwon rogo, da kanta.

Da aka ce an yi sulhu mutane sun fara dawowa, sai na kawo wa mahaifina wata shawara da nake ganin ta hikima ce. Na ce a cire birkin, a toshe ramin, a shafa fenti, mai gyara ya ce ba wanda zai lura. Irin kallon da ya yi mini, ban sake ɗaga maganar ba.

Abokina ya dawo a rame. Bayan ya ga mahaifiyarsa, shagonmu ya fara zuwa. Muka rungume juna. Ana cikin gaisawa mahaifina ya tashi da kansa ya turo keken, ya ajiye a gabansa, ya ɗora yatsa a kan ƙusar birkin.

Ya ce, “Ɗana, ka ba ni ajiya ka ce kada a hau. An hau. Sannan an huda shi a nan. Ni na ba da izini, ni na fara bugawa. Ka yafe mini.”

Abokina ya tsuguna ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, “Baba, yayana ko ruwan sama ba ya bari ya taɓa shi.”

Mahaifina ya ce, “Na sani.” Bai ambaci magani ba, bai ambaci shinge ba.

Abokina ya nemi sifana, ya kwance birkin a nan gabanmu, ya ajiye shi a kan kanta. Ya ce, “Singila, Baba,” wato na gode, ya saɓa keken a kafaɗa ya fita.

Raina ya ɓaci sosai. Na miƙe zan bi shi in nuna masa tabon gwiwoyina, in tambaye shi ko ƙarfe ya fi uwarsa. Mahaifina ya ce in zauna. Ya ce, “Mama za ta gaya masa, ya riga ya sani ma. Amma kai ban yarda ka ambata ba. Ba mu kai mata magani don mu sayi kekensa ba. Abinsa ne aka ɓata, yana da ikon jin zafi.”

Watanni suka wuce. In mun haɗu da abokina sai mu gaisa a tsaye, kowa ya kama gabansa. Na yi kewarsa, kuma ina jin haushinsa, duka biyun a lokaci ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne mahaifina. Ya daina karɓar ajiya. Duk wanda ya kawo kaya sai ya ce ya kai wa wani, shi ya taɓa huda kayan mutum. Fataken suka yi ta ba shi baki, suna cewa ai lalura ce, kowane malami zai ce ya yi daidai. Ya ce shi ma bai ce ya yi kuskure ba, da za a sake zai sake. Amma mai kaya bai ce ya yafe ba. Masu tsoffin ajiya suna zuwa suna ɗauka, ɗakin na ta zama fili, shi kuma ya rage magana.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. Wata safiya aka sake tashi da ƙarar bindigogi daga wajen bariki. Muna ƙoƙarin rufe shago sai ga abokina da ƙaramar jaka a baya da keken a kafaɗa. Ya sauke shi a bakin ƙofa, ya durƙusa.

“Baba, zan sake tsallakawa. Ku ajiye mini.”

Mahaifina ya tsaya da kwaɗo a hannu. Ya ce, “Ɗana, ka manta abin da na yi masa?”

Ya ce, “Ban manta ba, Baba. Kullum ina ganin ramin, kuma har yanzu ba na son ganinsa. Amma duk garin nan ban san wani da zai huda shi ya nuna mini da yatsansa ba. Ina birkin?”

Na ɗauko shi daga ƙarƙashin kanta. Shi da kansa ya ɗaura, ya sa wani ɗan ƙarfe a gefe ya gyara karkatar da ta dame ni watanni, ya matsa ya saki ya ga robobin sun kama tare. Ya dube ni ya ce Mama ta sake ƙin tafiya, kuma in na goge masa fenti sai ya karya mini ƙafafun zaman shagon nan. Sannan ya ce wa mahaifina, “Na yafe, Baba. Tuni ya kamata in zo in faɗa.”

Bayan ya tafi, mahaifina ya tura keken ɗakin ajiya da kansa, ya daɗe a ciki. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce in share ɗakin da kyau, akwai wani ɗan Nijar da ya mayar da shi da buhunsa jiya, in je in ce masa ya kawo.

Mahaifina ya rasu da daɗewa, ni ke zaune a shagon yanzu. Har yau ban tabbata ko da ni ne zan iya abin da ya yi ba. Hudawar zan iya, wannan ba wuya. Tsayawa a gaban yaron da ka haifi sa'ansa ka ce ka yafe mini, alhali kana da hujjar da za ta rufe masa baki kuma ka ƙi fito da ita, shi ne abin da nake gwada kaina da shi in ga na gaza. A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Sai da na ga wanda abokina ya nufa da kekensa a karo na biyu, ana harbi, sannan na daina ganin haka.